Mujallar Ilimi da Nauyin Shaida: Lacca da Aka Gabatar a Horo Birni

 

 Iyayenmu dattawa, 'yan'uwana malaman makarantu, da ku 'ya'yana ɗalibai da kuka dawo hutu daga Sakkwato da Zariya da Kano:

Mai yiwuwa ne wani dattijo a cikinku, da ya ji an ce zancen yau na mujallun ilimi ne, ya tambayi kansa me ya haɗa Horo Birni, garin noma da kiwo, da waɗansu takardu waɗanda ko a cikin jami'a ba kowa ke buɗe su ba. Jawabina gare shi shi ne, maganin da ake ba jikansa in zazzaɓi ya kama shi, da irin geron da malamin gona ya ce masa ya fi jure ƙarancin ruwa, da allurar da ake yi wa shanunsa, da littafin tarihin da ake karantar da 'ya'yansa, babu ɗaya daga cikinsu da bai fara rayuwarsa a matsayin maƙala ba, wato rubutun da wani mai bincike ya yi ya ce na gwada kaza na ga kaza, wata mujalla kuma ta buga ta ce mun duba mun yarda. Idan wannan mai bincike ya yi ƙarya, ko kuwa mujallar ta ce ta duba alhali ba ta duba ba, to cutar ba ta tsayawa a ofishin farfesa, takan biyo hanya sannu a hankali har ta iso gona da garke da ɗakin mai jego, a lokacin da ba wanda zai iya gane inda ta fito.

Bari in fara da bayyana yadda abin yake gudana, domin waɗanda ba su saba da shi ba. Mujallun ilimi na farko a ƙasashen Turai sun fito a shekara ta 1665, ɗaya a Faris cikin watan Janairu, ɗaya a Landan cikin watan Maris, wadda Henry Oldenburg, magatakardan ƙungiyar masana ta Royal Society, ya riƙa shiryawa, kuma har gobe ana buga ta. A tsarin da aka daidaita a kansa daga baya, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mai bincike yakan aika da maƙalarsa ga edita, shi kuma edita ya miƙa ta ga mutum biyu ko uku masana wannan fanni, galibi ba tare da marubucin ya san ko su wane ne ba, su karanta, su auna hujjojin, su binciki alƙaluman, sa'an nan su ba da shawara a buga, ko a mayar a gyara, ko a ƙi. Saboda haka duk maƙalar da ta fito a mujalla tana ɗauke da shaida hawa uku: ta marubuci cewa abin da ya faɗa ya auku, ta masu tantancewa cewa sun auna shi, da ta edita cewa bai saka son rai a cikin zaɓinsa ba. Malamanmu na fiƙihu da ke zaune a nan sun fi ni sanin matsayin shaida a shari'a, da sharuɗɗan adalcin mai ba da ita, da girman zunubin shaidar zur, wadda aka lissafa cikin manyan kaba'irai. Ni dai a wajena babu wani bambanci tsakanin wanda ya tsaya gaban alƙali ya rantse a kan abin da bai gani ba, da wanda ya zauna gaban kwamfuta ya ƙago alƙaluman gwajin da bai yi ba, sai dai cewa ɓarnar na biyu ta fi yaɗuwa, domin shi duniya ce majalisarsa.

Kada ɗalibanmu su zaci cewa wannan ladabi baƙo ne da ya sauka tare da boko. Ƙasar da muke zaune a kanta ta san shi tun kafin a kafa harsashin kowace jami'a a Nijeriya. Nan kusa da mu, a Sifawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna shekaru yana karantarwa yana wallafa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa kuma Malam Abdullahi yana Boɗinga. Kuma a cikin waɗannan shekaru ne, a 1812, Malam Abdullahi ya rubuta ɗan littafin nan Ida'un Nusukhi, wanda ba kome ya tara a ciki ba face sunayen malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, da littattafan da ya karanta gaban kowannensu, tun daga mahaifinsa wanda ya koya masa Alƙur'ani, da yayansa Shehu, da Alhaji Muhammadu ɗan Raji wanda suka ji Sahihul Buhari a wurinsa, har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ku dubi wannan al'amari da kyau. Mutum ne wanda ya kai matsayin da zai wallafa tafsiri sukutum, wato Liya'ut Ta'awili, ga shi kuma jagoran yaƙi, ga mulkin yammacin daula a hannunsa, amma ya ga wajibi ne a kansa ya zauna ya rubuta wa na baya cewa wannan ilimi ba daga sama ya faɗo masa ba, ga wanda ya ba shi kaza, ga wanda ya ba shi kaza, domin duk mai shakka ya bi silsilar ya bincika.

Wanda ya taɓa riƙe tsohon kwafin ɗaya daga cikin littattafan mutanen nan, irin waɗanda ke ajiye a gidajen malamai cikin gafaka, ko a ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ya san yadda shafin yake: takardu warwara ba ɗinki, baƙin tawada ga matani, jan tawada ga kanun magana, kalmar farkon shafi na gaba an rubuta ta a ƙasan wanda ya gabata don kada takardu su rikice. Abin da nake so ku lura da shi a wannan shafi shi ne, in mawallafi zai ciro maganar wani, sai ya ambaci mai maganar da littafinsa, ya kawo ta, in ta ƙare ya sa alamar intaha, domin mai karatu ya san a nan maganar wancan ta tsaya, daga nan kuma tawa ce, in da kuskure a wuyana yake. A gefen shafi kuma sau da yawa za ka ga inda mai kwafi, bayan ya yi muƙabala da asalin da ya kwafa daga gare shi, ya maido da kalmar da ya tsallake. Duk abin da littattafan koyar da bincike ke wahalar da ɗalibanmu a kansa yau, na ambaton madogara da rarrabe maganarka da ta wani, yana nan a wannan shafi.

Akwai ma abin da ya fi wannan wuya ga zuciya, wanda su suka iya, mu kuwa yake gagarar da yawa daga cikinmu. Lokacin da Shehu Muhammadul Aminu Elkanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana sukar hujjojin jihadi, suka mai zafi kuwa, Muhammadu Bello bai ɓoye su ba, bai kuma taƙaita su yadda za su yi sauƙin rushewa ba. Ya shigar da su cikin Infaƙul Maisuri tare da amsoshin da aka mayar, har ya zama a yau mafi yawan abin da muka sani na hujjar Elkanemi ta hannun abokin jayayyarsa muka same shi. Haka kuma Malam Abdullahi ya saɓa wa yayansa kuma shehinsa a rubuce kan waɗansu mas'aloli, kamar laƙabin sarauta da tufafin ado da kaɗe-kaɗe, Shehu ya mayar da jawabi a rubuce, ba a ƙone littafin kowa ba, ba a kuma yanke zumunci ba. Ina tambayar 'yan'uwana malaman jami'a, editan wace mujalla ce a cikinmu zai karɓi maƙalar ƙaramin malami wadda ta rushe ra'ayin shugaban sashensa, ya buga ta a fitowa ta gaba?

To amma ba zan yaudare ku in ce zamanin da duk tsarkaka ne ba, domin da babu maƙaryata da malaman hadisi ba su ƙirƙiro ilimin jarhu da ta'adili ba, da Ibnul Jauzi bai tara mujalladai kan hadisan ƙarya ba, da Malam Abdullahi kansa bai ga bukatar ya tsara Misbahur Rawi don koyar da ƙa'idojin riwaya ba. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a Misira a 1505, wanda kuma ya yi wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rubuta risala musamman kan bambanci tsakanin mawallafi da ɓarawo saboda wani ya kwashe masa aiki, alhali shi ma abokin zamaninsa Sahawi yana tuhumarsa da irin wannan laifi. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na littafin tarihin Tumbutu da ake kira Tarihul Fattashi, wanda waɗansu Faransawa biyu, Houdas da Delafosse, suka buga a Faris a 1913, aka ɗauke shi shekara da shekaru a matsayin aikin Alƙali Mahmudu Ka'ati tun daga zamanin Askiya Muhammadu. A cikinsa akwai wata bushara da aka jingina wa shi wannan Suyuɗi, cewa halifa na goma sha biyu zai bayyana a ƙasar Masina, sunansa Ahmadu. Sai a 1971 wani masani mai suna Nehemia Levtzion ya nuna, a cikin mujallar makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Landan, cewa an yi wa littafin cushe a ƙarni na 19 domin a ƙarfafa mulkin Shehu Ahmadu Lobbo na Hamdallahi. A 2020 kuma Mauro Nobili ya fitar da littafi inda ya kafa hujja cewa Nuhu ɗan Ɗahiru, na hannun daman Ahmadu Lobbo, shi ya ɗauki tsohon tarihi na ƙarni na 17 ya sāke masa siffa. Shekara 58 ke nan tsakanin bugawa da tonon Levtzion, kuma a tsakanin nan an rubuta littattafai da yawa bisa wannan tushe. Abin lura a nan shi ne, a mujalla aka yi tonon, domin aikinta ke nan tun asali: wurin da na baya ke gyara na gaba da hujja, kowa yana gani.

Yanzu sai mu zo ga namu zamani, inda ciwon yake. Tushensa, a ganina, ba wai malaman yau sun fi na da mugun hali ba ne. Tushensa shi ne jami'o'inmu sun ɗaura ƙarin girma da yawan maƙalu, har ya zama malami ba ya tashi daga wannan mataki zuwa wancan sai ya kawo adadi kaza, kuma sau da yawa kwamitin da zai duba ƙirgawa yake yi, ba karantawa ba. Ga albashi bai taka kara ya karya ba, ga ɗakin gwaji ba kayan aiki ba wuta, ga aji cike da ɗalibai ɗaruruwa, ga manyan mujallun duniya waɗansunsu na neman kuɗin da ya fi ƙarfin malaminmu nesa ba kusa ba. Mujallar Nature, alal misali, ta sa Yuro 9,500 a 2021 ga wanda ke son a buɗe maƙalarsa kowa ya karanta kyauta. Duk inda aka tara mabukata irin haka, 'yan kasuwa ba sa nisa.

Kowane malamin jami'a da ke nan ya san irin wasiƙar da nake nufi. Takan shigo ta imel da tsakar dare, ta kira ka babban farfesa ko da jiya ka kammala digiri na biyu, ta ce sun karanta aikinka sun yi mamakin zurfinsa, ba tare da ta ambaci wane aiki ba, sa'an nan ta roƙe ka ka aiko da maƙala kafin ranar Juma'a. Sunan mujallar yakan haɗa duniya da kimiyya da fasaha da adabi da likitanci a layi ɗaya, adireshinta na Landan ko Amurka, asusun da za ka biya kuɗin kuwa na wata ƙasa dabam. In ka aika ranar Litinin, kafin Alhamis an ce masana sun duba sun yaba, saura kuɗi. Wane masani ne zai karanta shafi ashirin na alƙaluma, ya koma ga madogaran, ya rubuta ra'ayi cikin kwana uku? Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado ta Denver, Jeffrey Beall, shi ya fara tara sunayen irin waɗannan mujallu na bogi, jerin nasa ya shahara har ya rufe shi a Janairun 2017. A 2015 kuma waɗansu masu bincike biyu daga Finland, Shen da Björk, suka ƙiyasta cewa maƙalun da irin waɗannan mujallu suka buga sun tashi daga kimanin 53,000 a 2010 zuwa kimanin 420,000 a 2014, kuma a cikin marubutan da suka duba kimanin kashi 35 cikin ɗari daga Indiya suke, kashi 8 daga Nijeriya, kashi 6 daga Amurka. Idan aka tuna yawan masu bincike a Amurka da yawansu a nan, wannan kashi 8 abin sunkuyar da kai ne.

A 2013 wani ɗan jarida masanin kimiyya, John Bohannon, ya ɗana wa mujallun tarko. Ya ƙaga maƙala kan wani sinadari da ya ce an samo daga gansakukar da ke fitowa jikin duwatsu da itatuwa, wai yana hana ciwon daji yaɗuwa, ya cika ta da kurakuran da duk mai ilimin fannin zai gani tun a karatun farko, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Akwai wani gefe na labarin da ya kamata ya dame mu fiye da alƙaluman: sunayen marubutan da ya ƙaga da na cibiyoyinsu duk ya yi su ne da kamannin na Afirka, bisa lissafin cewa in edita ya nema a intanet bai same su ba, ba zai yi mamaki ba. Ko mun ji haushin wannan lissafi ko ba mu ji ba, ya nuna mana inda sunanmu yake a idon duniya, kuma kowace maƙalar bogi da ɗayanmu ya saya tana ƙara wa ɗan'uwansa mai gaskiya wahalar a yarda da shi.

Sai dai kada mu ɗora laifin duka a kan baƙi na nesa, domin akwai abin da muke yi da hannunmu a cikin gida. Akwai satar fasaha tsagwaronta, inda mutum zai kwashe shafuka daga kundin digirin wani, wataƙila ma ɗalibin da ya duba, ya canza sunan gari da shekara ya buga. Akwai abin da ake cewa sa ni in sa ka, inda abokai huɗu kowa zai rubuta maƙala ɗaya ya jera sunayen sauran, kowa ya tashi da huɗu. Akwai shugaban da ba a isa a fitar da takarda daga sashensa ba sai da sunansa a gaba, ko da bai san abin da ke cikinta ba, ƙaramin malami kuwa ya yi shiru domin wannan shugaba ne zai sa hannu a takardar ƙarin girmansa. Akwai mai yanka bincike ɗaya gunduwa-gunduwa ya fitar da maƙala biyar. Akwai kuma wanda ya raba takardun tambayoyi talatin ya rubuta ɗari uku, ko ya zauna a inuwa ya cike su da kansa, wanda shi ne mafi muni, domin sauran sun saci suna ne ko daraja, shi kuwa ya shigar da ƙarya cikin abin da jama'a za su ɗauka ilimi ne. Malaman hadisi suna da suna ga mai ɓoye aibin isnadi ya nuna ya ji daga wanda bai ji ba, mudallisi suke ce masa, kuma ba sa karɓar riwayarsa sai ya fayyace. Editocin mujallun likitanci da suka fara taruwa a Vancouver ta Kanada a 1978 sun zo daga baya sun shimfiɗa sharaɗi mai kama da wannan: ba a sa sunan mutum a maƙala sai ya yi aiki na haƙiƙa a cikinta, ya shiga rubutunta ko gyaranta, ya yarda da siffarta ta ƙarshe, ya kuma ɗauki alhakin abin da ke ciki. Sharaɗin ƙarshen nan shi mutanenmu ke mantawa. Mai cewa a sa sunansa yana neman rabon yabo ne, bai san ya sa hannu a kan rabon tuhuma ba.

Kowa a nan ya san abin da ake kira algus a kasuwa, ya san buhun da aka zuba tsaba mai kyau a baki aka cika ƙasansa da tsakuwa da ƙaiƙayi, ya kuma san cewa garin da aka san shi da haka, har mai gaskiyar cikinsa sai an zazzage masa buhu ƙasa kafin a saya. Abin da ya sa na kawo wannan shi ne batun yarda, domin ita ce ke tafiya in amana ta ɓaci, kuma mu a Arewa mun ga abin da tafiyarta ke jawowa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wanda aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, ba maganin ba, kuma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. Ba hukunci na zo yankewa ba. Abin da ya shafi zancenmu shi ne takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna a matsayin izinin gwajin, wadda daga baya ta bayyana cewa bayan an gama aka rubuta ta, aka mayar da kwanan watanta baya, da kuma ƙorafin iyaye cewa ba a fayyace musu gwaji ake yi ba. Da aka zo 2003 aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano da waɗansu jihohi, wannan labari na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga nahiyarmu. Turawa ma sun ɗanɗana irin wannan: maƙala guda da Andrew Wakefield ya buga a mujallar Lancet a 1998, bisa yara 12 kacal, wadda ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa ta yara, ta tsorata iyaye har ƙyanda ta dawo inda aka kusa mantawa da ita, ba a kuwa janye maƙalar ba sai a 2010.

Wannan ya kawo ni ga batun janyewa, wanda nake ganin a nan ne muka fi rauni. A 1997 waɗansu editoci a Ingila suka kafa kwamitin ɗa'ar wallafa da ake kira COPE, wanda ya tsara matakan da edita zai bi in an kawo masa ƙarar sata ko ƙage, tun daga tambayar marubuci, zuwa sanar da jami'arsa, har zuwa buga sanarwa cewa an janye maƙala kaza saboda dalili kaza. A 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin Hindawi, bayan an gano masana'antun da ke ƙera maƙalu suna sayar da gurbin suna a cikinsu. Wani zai ji wannan adadi ya ce ilimin zamani ya lalace. Ni kuwa abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mujallar da ta shekara ashirin tana fitowa ba ta taɓa buga gyara ko janyewa ko sau ɗaya ba, domin ba zai yiwu a ce duk marubutanta ma'asumai ne ba. Mu da muka tashi a mazhabar Imamu Malik, wanda aka ruwaito cewa an yi masa tambayoyi masu yawa ya amsa mafi yawansu da cewa bai sani ba, kuma muka san cewa manyan fuƙaha'u suna da ƙaulin da da ƙaulin baya saboda sun janye fatawa da hujja ta bayyana musu, bai kamata a ce mu ne ke ɗaukar janye maƙala abin kunyar da za a rufe da roƙo da aiken dattawa ba. Rufa asirin musulmi abu ne mai kyau a inda laifin ya tsaya tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma malaman jarhu sun yi ittifaƙi cewa bayyana aibin mai riwaya nasiha ce, ba giba ba, domin haƙƙin al'umma ya shiga ciki.

Ba ina cewa mu raina mujallunmu na gida ba ne, ko kusa. Mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya, wadda ta fara fitowa a 1956, da mujallar Cibiyar Tattara Rubuce-rubucen Larabci ta Ibadan, su suka ɗauki nauyin fito da tarihin Daular Usmaniyya daga bakin 'yan mulkin mallaka zuwa ga takardun masu ita. Harsunan Nijeriya a Kano, da Degel da Ɗunɗaye a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su ne gidan binciken da babu wata mujallar Turai da za ta damu da shi, kamar karin harshen Sakkwatanci, ko waƙoƙin noma, ko tarihin garuruwa irin wannan da muke ciki. Saboda muhimmancinsu ne ma nake cewa a tsananta. Masana fannin Hausa ba su da yawa, kusan kowa ya san kowa, ko malaminka ne ko ɗalibinka ko surukinka, don haka ɓoye sunan marubuci ba ya hana a gane shi. A irin wannan hali dole edita ya nemi mai tantancewa daga wata jami'a, ko daga Yamai da Maraɗi, ya kuma kame hannunsa daga buga nasa a mujallar da yake shugabanta sai in wani ne ya yanke hukunci a kai. Shi kuma mai tantancewa ya sani takardar da ke hannunsa ajiya ce: haramun ne ya ɗebi ra'ayin da ke ciki ya riga mai shi bugawa, haramun ne ya danne ta wata shida don mai ita abokin hamayyarsa ne, kuma ba kirki ba ne ya wuce da ita don tausayi. Hukumomin jami'a kuwa, da za su ce kowane mai neman ƙarin girma ya zaɓo maƙalu uku ko huɗu da ya fi alfahari da su, a ba masana na waje su karanta su da gaske, da kasuwar 'yan bogi ta mutu da kanta ba tare da an kafa wani kwamiti ba.

Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, da yawanku za ku rubuta kundin kammala digiri bana ko baɗi, waɗansunku kuma a kan wannan yanki za su rubuta, kan rijiyoyinsa ko cututtukan dabbobinsa ko tarihin sarautarsa. In kun zo yin hira da dattijo, ku gaya masa abin da za ku yi da maganarsa, ku nemi izininsa, ku rubuta ranar da wurin. Ku adana takardun tambayoyinku da littafin da kuka rubuta awonku a ciki, ko bayan an ba ku digiri, domin ranar da wani zai ce ku nuna. In sakamakon gwaji ya saɓa wa abin da kuke fata, ku rubuta shi yadda ya zo. Na'urorin nan masu ƙirƙirarriyar basira da kuke tambaya a wayoyinku suna iya ƙago sunan littafi da marubuci da lambar shafi waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba, saboda haka kada ku ambaci madogarar da idonku bai gani ba. Kafin kuma ku aika wa wata mujalla aiki, ku duba ko tana cikin rumbunan da ake tantance mujallu kafin a shigar da su, irin su AJOL na mujallun Afirka, wanda aka fara a 1998, ko DOAJ. Ku karanta maƙala biyu ko uku daga fitowarta ta baya. Ku ɗauki sunan mutum ɗaya daga kwamitin editocinta ku bincika ko ya ma san an sa shi.

Na ga ladan ya fara duban rana, kuma an ce mini akwai masu tambayoyi, musamman daga ɓangaren malaman sakandare. A nan zan dakata, sai a ba su dama kafin la'asar.